Ranar da Alƙasim Ya Rufe wa Bashe Baki

Maigidana ya rasu wata bakwai ke nan. Na fita takaba, masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa, gidan ya yi mini faɗi. Sunansa Hamidu. Shekara ashirin da biyu muna tare bakina bai taɓa kiran sunan nan ba, Direba nake ce masa kamar yadda duk garinmu Tabotaki ke ce masa. Yanzu da nake tuna shi, abin da ya fi dawo mini shi ne kukan motarsa.

Tsohuwar bashe ce, irin mai buɗaɗɗen baya da ake rufewa da tamfol. Fara ce a da, in ji wanda ya sayar masa. Mu dai da launin toka muka san ta. Da ita yake kai mutane da albasa da awaki kasuwannin Buza da Keita, wani lokaci har Madawa. Ƙafarta ta gaba tana da wani kuka, ƙiii-ƙwas, ƙiii-ƙwas, kamar an taka wutsiyar ɗan akuya sannan an buga masa ludayi a ka. Kafin a shigo garinmu akwai gangaren dutse mai tsawo. Direba ya saba in ya kai samansa sai ya kashe inji don tattalin mai, ya bar motar ta gangaro da kanta har ƙofar gida. To a nan ba abin da ake ji sai kukan nan, dutse bayan dutse. Daga lokacin da na fara jinsa zuwa tsayawar mota, mace tana iya dama fura ta wanke ƙwarya.

Wannan tazarar ce ta rufa mini asiri shekara guda da wani abu.

Direba yana da wa, Rabe. Uwa ɗaya uba ɗaya. Lokacin da Direba ya sayar da rabonsa na shanun gado ya sayi bashe, Yaya Rabe ya tsaya a ƙofar masallaci, gaban jama'a, ya ce ƙanensa ya musanya shanun ubansu da gwangwani mai kuka. Da ya tsaya nan da sauƙi. Sai ya ƙara da cewa ko saniyar da ta fi kowacce rama a garken ta fi motar nan hankali, ta fi mai ita ma. Mutane suka yi dariya. Direba ya rantse da Allah Rabe ba zai sake taka gidansa ba, ba zai sake sa hannu a ƙwaryarsa ba. Aka kira magina suka ja katanga ta tsakiyar gidan ubansu, mu gabas, Yaya yamma. Bishiyar darbejiyar da tsohon ya shuka ta faɗo ɓangarenmu.

Shekara shida suna haɗuwa a sahu ɗaya ba ko sannu. Sai matar Yaya ta rasu. Ƴaƴansa maza biyu suna ci-rani a Abijan, wasiƙa ma sai an manta da su. Sannan fari ya zo, shekarar da aka fara aikin jera duwatsu na tare zaizayar ƙasa a Keita. Rumbun Yaya ba ko zangarniya. Mu albarkar mota ba mu rasa jar dawa ba. Ina jin tarinsa ta bayan katanga, kuma kwana uku ban ga hayaƙi ya tashi daga can ba.

Rana ta huɗu, da Direba ya fita, na hau turmi na miƙa kwanon tuwo ta kan katanga.

"Yaya, ga wannan."

Ya dube ni, ya dubi kwanon. Ya ce, "Ke Zaliha, ni kare ne da za a miƙo mini ta sama? In zan ci, a gindin itacen ubana zan ci, a zaune, kamar mutum."

Na ce, "Yaya, ƙofarmu tana kallon majalisa. Kafin ka zauna labari ya kai Buza."

Ya ce, "To kawo turminki kusa."

Haka dattijo mai furfura, wanda ya ƙi a miƙa masa kwano don girma, ya dinga haura katanga kamar ɓarawon kaji. Ya jingina tsohon kututture a nasa ɓangaren, ni na ajiye turmi a kife a nawa. Bayan azahar zai hauro, ya zauna a inuwar darbejiya, ya ci a tsanake yana kushe dawar, wai ba ta kai geron Adar ba. Da mun ji ƙiii-ƙwas daga kan dutse sai ya suɗe hannu, ya yi hamdala, ya ce, "Gwangwani ya taho," ya taka turmi ya koma. Gwiwarsa ta dama ba ta da lafiya, haurawar tana ɗaukar lokaci, amma kukan bashe yana ba shi abin da yake bukata har da ragi. Ni kuma in share wurin, in mayar da turmi mazauninsa.

Ban san abin da Direba zai yi ba in ya kama mu. Mutum ne mai sanyin magana, amma rantsuwa rantsuwa ce, kuma a gaban gari ya yi ta. Abin da na fi tsoro shi ne ya ƙara wa katangar tsawo, Yaya ya koma kwana da yunwa ina ji ina gani.

Wata ranar Juma'a sai ga Alƙasim. Ɗan kawuna ne, taubashina, makanike a Buza. Tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ba tare da zagin wasa ba. Ya zo gaisuwar wata rasuwa, Direba ya ɗauko shi a hanya. Yana saukowa ya riƙe kunnuwansa.

"Ke mai bakin gatari, da wannan kuke rayuwa? Ni na ɗauka haihuwa motar za ta yi."

Na ce, "Kai da ka zo a bagas har kana da bakin magana? Da ka taho a ƙasa."

Bai ko sha ruwa ba ya sa aka ɗaga gaban motar da kirik. Ina leƙe daga zaure. Ya kama tayar hagu da hannu biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ya girgiza. Ta yi ƙwas-ƙwas kamar haƙorin tsohuwa. Ya kwanta ya leƙa, ya fito fuskarsa ba wasa.

"Direba, rotil ɗinka ya ƙare."

Ya nuna masa, ni ma na matso. Wani ƙarfe ne mai dunƙulallen kai kamar ƙwallon goriba, yana zaune cikin ɗan kokonsa, shi ke riƙe da ƙafar mota yana barinta ta juya, kamar yadda ƙashin cinya ke zaune a ƙugu. Robar da ke rufe shi ta yage, gires ya bushe, yashi ya shiga ya cinye ƙarfen.

Alƙasim ya ce, "Kukan nan iri biyu ne. Ƙiii ɗin nan robobin da ke jikin hannun ƙafar ne suka bushe, wannan surutu ne kawai, ba ya kisa. Amma ƙwas ɗin, shi ne wanga. Ranar da ƙwallon ya fita daga kokonsa, taya za ta kwanta, motar ta durƙusa kamar raƙumi. In a kan gangaren nan ne da mutum goma sha biyar a baya, to sai dai mu zo gaisuwa."

Direba ya sake duban ƙarfen. Ya ce a canza. Alƙasim ya ce sai ya aika Madawa an kawo sababbi guda biyu, don ba a canza ɗaya a bar ɗaya, Direba ya kawo motar garaji ranar Laraba. Ya ƙara da cewa zai shafe robobin ma, ta koma shiru kamar amarya.

Nan take na tuna da Yaya da katanga.

Da Direba ya tafi masallaci na jawo Alƙasim bayan rumbu, na ɗora masa ɗan tulun man shanu a hannu.

Ya ce, "Yau kuma? Ke da ko ƙanzo ba ki ba ni sai na yi rantsuwa?"

Na ce, "Ka canza abin da ke kisa. Amma ƙiii ɗin ka bar mini shi."

"Don mi?"

Na yi ta kewaye-kewaye, ya ƙi karɓa. Dole na gaya masa komai, har turmi. Ya zauna a ƙasa yana dariya har da hawaye.

"Rabe? Rabe mai rawani? A kan katanga?"

"Rufe mini baki, ɗan banza. Ka yi alkawari."

Ya buɗe tulun ya shanshana. Ya ce, "Man nan mai kyau ne." Iyakar abin da ya ce ke nan, ni kuma wauta ta sa na ɗauka alkawari ne.

Abin da ya faru a Buza ranar Laraba ban gani ba. Daga baya na ji shi daga bakin su biyun, kuma inda suka saɓa na ɗauki na Direba, don Alƙasim maƙaryaci ne.

Sun ɗaga motar, suka sa mata kututture a ƙasa don kada kirik ya zame. Alƙasim ya cire taya, ya zare ƴar ƙusar da ke tare noti, ya kwance notin. Rotil ɗin ya ƙi fita, tsatsa ta aure shi. Ya sa Direba ya danna guduma ɗaya a gefe, shi ya dinga dukan ɗaya gefen da wata, har abin ya yi tsalle ya faɗo. Direba ya ce da ya ɗauka ya girgiza, ƙwallon yana yawo a ciki kamar tsakuwa a gwangwani. Suka sa sabo, suka ɗaure, suka koma ɗaya ƙafar. Ana gamawa Alƙasim ya jawo kwanon gires zai shafa wa robobin. Sai Direba ya riƙe masa hannu, ya zaro goro fari manya guda uku daga aljihu.

"Bar waɗannan haka nan."

"Don mi, Direba?"

"Fasinja sun san motar da kukanta. In ta yi shiru wa zai san na iso?"

Alƙasim ya ce ya dubi idon Direba, Direba ya dubi ƙasa. Sai Alƙasim ya ce, "Fasinja ko? Har da masu hawa ta katanga?"

Direba ya ce shi bai san zancen da ake ba. Can kuma ya ce, "Gwiwarsa ba ta da kyau. Shina bukatar lokaci."

Ashe tun watan farko ya sani. Ya ga sawun turmi a gindin katanga, ya ga dawa tana ƙarewa da wuri, kuma ya ce ba a taɓa yin mace mai share gindin bishiya kullum da la'asar don Allah kawai ba. Shi ya sa ko ranar da ya dawo da wuri sai ya taka birki a gangaren, ya bi ta kan kowane dutse da gangan don motar ta yi kuka sosai.

Alƙasim ya karɓi goron ya sa a aljihu. Ya ce wa Direba ya je ya yi azahar, shi zai mayar da tayoyi. Direba na juya baya ya kwance robobin nan, ya wanke, ya cika su da gires, ya ɗaure. Bai tsaya nan ba, ya zare wayar oda don ko an danna kada ta yi ƙara. Da Direba ya dawo sai ya tarar da shi zaune a kujerar tuƙi.

"Ni zan kai ka gida. Makanike ba ya sakin aiki sai ya ji shi a hannunsa."

A hanyar Buza, saboda ƙarar inji da ta kwanon baya, Direba bai lura ba. Sai da suka kai saman dutsenmu, Alƙasim ya kashe inji kamar yadda ya ga ana yi, motar ta fara gangarowa. Shiru. Direba ya ce ko numfashinsa yana ji. Ya kai hannu ya danna oda, ba komai. Ya ce a tayar da inji, Alƙasim ya ce mai yana da tsada. Ya fara tari da ƙarfi. Ya fitar da hannu yana dukan ƙofa. Alƙasim ya ce, "Direba, lafiya? Ka bari in saurari aikina." Ya bi da motar ta inda ba dutse ko ɗaya, a hankali, ya tsayar da ita a ƙofar gida kamar an ajiye ƙwai.

Mu muna ciki ba mu san kome ba. Ranar miyar kuka na yi da ɗan kilishin da na ɓoye, Yaya ya miƙe ƙafa yana ba ni labarin wata saniyar ubansu mai suna Goje. Sai na ji muryar Direba a ƙofar gida, a kusa, yana yi wa akuyar maƙwabta faɗa da iyakar ƙarfinsa.

"Kai! Akuyar wa ce wannan? Ni Direba na dawo gida, ga akuya a ƙofata! Na dawo, na ce!"

Mutumin da ko ɗansa bai taɓa ɗaga wa murya ba.

Na ce, "Yaya, tashi!"

Yaya ya zabura, ya manta bai ajiye kwanon ba. Ya taka turmi, ya ɗora ƙafar hagu ta haye, ya zauna a kan katanga kamar mai hawan jaki. Sai gwiwar dama ta ƙulle. Ba gaba ba baya. Rawaninsa ya warware ya rataya a reshen darbejiya. Ina turawa yana cewa, "Ke, za ki karya ni! Karɓi kwanon! A'a, bar kwanon, kama ƙafar!"

A haka Alƙasim ya shigo, don shi ɗan gida ne ba ya jiran izini. Ya tsaya ya kalle mu sama da ƙasa. Na harare shi, na sa yatsa a baki. Ya gyaɗa mini kai kamar ya gane. Sannan ya juya ya buɗe maƙogwaro.

"Direba! Taho da sanda! Ɓarawo a kan katangarka, har da kwanonka a hannu!"

Ƴan majalisa sun ji. Ba yadda Direba zai yi. Ya shigo yana jan ƙafa, mutum huɗu ko biyar suna leƙe daga zaure. Ya tsaya a tsakar gida. Shekara bakwai rabon da su dubi juna a ido. Ni na ja gefe, hannuna duk miya.

Yaya ne ya fara magana, daga can sama.

"Mi kake kallo? Ba ka taɓa ganin mutum bisa katangar ubansa ba?"

Direba ya ce, "Sauka."

"Da ina iyawa da ka iske ni?"

Kowa ya san sai an ɗauke shi, kuma kowa yana jira ya ga ta wane ɓangare za a sauke shi. Alƙasim ya ce shi zai zagaya ta gidan Yaya ya tare shi ta can, amma ko motsi bai yi ba.

Direba ya tuɓe hularsa ya miƙo mini. Ya je ya ture turmin da ƙafa, ya juya baya ya kafa kafaɗa a jikin katanga.

"Taka nan."

Yaya ya ce, "Ka yi rantsuwa."

"Na sani. Ni na yi ta. Taka, kana da nauyi ko a ido."

Ya sauke shi a cikin gidanmu, ya zaunar da shi a gindin darbejiya. Ya ciro rawanin daga reshe ya ba shi. Sannan ya dubi kwanon da har yanzu ke hannun Yaya, ya ce mini, "Da saura?" Na ce da saura. Ya wanke hannu ya zauna. Suna cikin ci sai Yaya ya ce, "Gwangwanin naka ya daina kuka." Direba ya ce, "An yi masa sabuwar gwiwa. Kai ma da Buza za a kai ka."

Ni kuwa na ɗauki muciya na bi Alƙasim har waje. Yana gudu yana cewa, "Aiki biyu aka ba ni, na yi na uku kyauta!" Na ce ya dawo mini da man shanuna. Ya ce ya riga ya zuba a robobin, shi ya sa suka yi shiru.

Washegari Direba ya je wurin liman a kan rantsuwar. Liman ya ce ya ciyar da miskinai goma. A shekarar nan ba sai an nema ba. Na tuƙa babbar tukunya, aka shimfiɗa tabarmi a zaure. Mutum na farko da ya iso shi ne Yaya, ta ƙofar gaba, da rawani a naɗe da sanda. Direba ya ce, "Yaya, wannan na miskinai ne." Ya ce, "Rumbuna ba kome, ƴaƴana suna Abijan. Ƙidaya da ni, saura tara." Liman ya yi dariya ya ce ya halatta.

Katangar ba a rushe ta ba, ƙofa aka huda a tsakiya. Yaya ya ce ya fi son haka, don in sun sake faɗa a samu abin rufewa. Sun sake kuwa, ba sau ɗaya ba, amma ba a taɓa rufe ta ba.

Ni ce na sha wahalar shirun motar. Sau uku Direba yana iske ni ban ɗora tukunya ba. Da na yi ƙorafi sai ya ɗaure tsohon rotil ɗin da waya a ƙarƙashin kwanon baya, yana lilo yana bugun ƙarfe, ƙwal-ƙwal, tun daga kan dutse. Fasinja suna tambaya, yana ce musu maganin baki ne.

Da ciwon ajali ya kwantar da Direba bara, Yaya ne ya zauna a kansa kwana goma sha ɗaya, shi ya yi masa wanka. An sayar da bashe ga wani mutumin Keita. Kafin a tafi da ita na sa Alƙasim ya kwanto mini ƙarfen. Ranar bai yi mini wasa ba, ni ma ban zage shi ba. Na rataye shi a ƙofar da ke tsakaninmu da Yaya. In ya turo ta bayan azahar sai ta yi ƙwal, in san in zuba tuwo. Jiya ya ce miyar ba gishiri.